Yadda Za Ka Zaɓi Waya, Layi da Kati Ba Tare da Kuɗinka Sun Zurare Ba

Tun watan Janairun 2025 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, kukan da ake ji a majalisa da teburin mai shayi ɗaya ne: kati ba ya auki. Saƙon tes da ake turawa a naira 4 ya koma naira 6, data kuma kamar ana zuƙe ta. Ƙari ya tabbata, ba mai musun wannan. Sai dai in ka karɓi wayar mai kukan ka duba, sau da yawa za ka tarar ba ƙarin ne kaɗai ke cin kuɗinsa ba. Yana kan tsarin kiran da bai dace da shi ba, yana ranto kati duk mako, akwai wata waƙar kira da ake cire masa kuɗinta bai sani ba, wayar kuma tana sauke bidiyon kowane guruf da kanta. Duk waɗannan suna gyaruwa, kuma ba sai mutum yana da ilimin kwamfuta ba.

Lambobin da zan kawo na Najeriya ne. Tun 2023 aka haɗe su suka zama iri ɗaya a kan kowane layi, ba sai ka haddace na kowane kamfani daban ba. Mai amfani da Airtel, Moov ko Zamani a Nijar lambobinsa daban ne, amma lissafin duk ɗaya.

Mataki na 1: Layi tukuna, sannan waya

Akasarin mutane wayar suke fara saya, daga baya su nemi layin da za su sa mata. Juya abin. Data mai arha a layin da ba ya kamawa a ɗakinka ita ce mafi tsada, don za ta ƙare wa'adi ba ka mora ba.

Manyan kamfanoni huɗu ne: MTN, Airtel, Glo da 9mobile, wanda a da Etisalat ne, yanzu kuma ya koma T2. Babu ɗayansu da ya fi ko'ina da ko'ina. Wanda yake gudu a Sabon Gari yana iya zama kurma a ƙauyenku, har a gida ɗaya ma wani ɗakin yana samu wani ba ya samu. Saboda haka ka gwada a wurare uku da rayuwarka take: inda kake kwana, inda kake nema, da garin da kake yawan zuwa ko yawan kira. Ari wayar maƙwabci mai wani layin ka buɗe bidiyo a kai. Kuma ka yi gwajin bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya hau intanet, ba da sassafe ba da hanya take wayam. Cikar sandunan sabis ba ta nufin data tana gudu.

In kana son amsa cikin sauri, tambayi mai POS na unguwar. Abincinsa a kan sabis yake, kuma ya san layin da yake ba shi kunya da rana tsaka da wanda yake tsayawa ranar kasuwa.

Idan lambarka tsohuwa ce, jama'a sun san ka da ita, amma kamfanin ba ya yi maka, ba dole ka jefar da ita ba. Tun 2013 ana iya ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani kyauta. Za ka je ofishin wanda kake son komawa da lambarka ta NIN, su cike maka takarda, su sa ka tura kalmar PORT zuwa 3232, su ba ka sabon sim. Ka cinye katinka da datarka kafin ka je, don ba sa bin ka. Wannan ƙaurar ce ta sa yanzu ba a rantsuwa cewa duk 0803 MTN ce ko duk 0805 Glo ce. Hanya mafi sauƙi dai ita ce wadda yawancinmu muke bi: sim biyu a waya ɗaya, tsohon na kira da saƙon banki, ɗayan na data.

Sabon layi kuwa ka yi masa rajista da kanka, da NIN ɗinka, da fuskarka. Kada ka sayi sim mai rajista a bakin titi komai arharsa. Ranar da aka rufe shi ko ya ɓata ba ka da bakin nemansa, in kuma an taɓa aikata wani abu da shi a hannunka za a same shi. Lambar *996# ita ce ta duba haɗin layi da NIN.

Mataki na 2: San abin da kake ci

Wannan ba ya ɗaukar minti goma, kuma shi ne wanda ake tsallakewa. Buɗe jerin kiran da ka yi a makon jiya ka ƙiyasta mintunan. Sannan ka shiga saitin wayar, wurin da yake nuna amfani da data, ka ga giga nawa ta tafi a wata da kuma manhajar da ta fi ci. Rubuta lambobin nan biyu a takarda: minti nawa a mako, giga nawa a wata. Dillalin hatsi da yake kira tun asuba da ɗalibar da ba ta kira sai ta WhatsApp ba tsari ɗaya zai yi musu ba, ko da kuɗin da suke kashewa ɗaya ne.

Mataki na 3: Sayen sabuwar waya

Ka yanke iyakar kuɗinka tun daga gida, ka haɗa da na kariyar gilashi da na riga. In ka shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja ba tare da iyaka ba, yaran shago za su yanke maka tasu.

Abu huɗu nake dubawa a jikin kwali. Na farko ram, wato abin da yake hana waya sanƙarewa in an buɗe abubuwa da yawa. A nan akwai wata dabara ta talla da ta kama mutane da yawa: za ka ga an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 4+4. Ram na gaskiya 4 ne, sauran huɗun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma ba sa gudu kamar na ainihi. Tambayi mai shago kai tsaye: "Na gaskiyan nawa ne?" Giga 4 na gaskiya zai riƙe WhatsApp, Facebook da manhajar banki. Ƙasa da haka sai haƙuri. Na biyu ma'ajiya: 64 tana cika da wuri ga mai guruf-guruf, 128 ta fi kwanciyar hankali. Na uku batir: da yanayin wutarmu, kada ka sauka ƙasa da 5,000mAh in da hali. Na huɗu ta kasance tana hawa 4G kuma tana cin sim biyu.

Maganar 5G, MTN ta fara shi a 2022, Airtel ta biyo a 2023, amma har yanzu wasu unguwanni ne na manyan birane suke samu. In ba ya zuwa inda kake, ƙarin kuɗin da za ka biya dominsa kyauta ka yi. Haka ma yawan lambar kyamara. Waya mai kyamarar 108MP tana iya ɗaukar hoton da bai kai na mai 50MP ba. Ɗauki hoto a cikin shagon, wurin da haske bai cika ba, ka gani da idonka.

Ga abin da ba a cika tunawa ba: kafin ka biya, leƙa layin masu gyara ka tambayi kuɗin gilashin wannan samfurin. Waya dai tana faɗuwa. Tecno, Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne na Sin mai suna Transsion, kayan gyaransu sun cika kasuwa, kuma suna da wuraren gyara na Carlcare a manyan garuruwa. Wasu wayoyin kuwa, musamman manyan Samsung da iPhone, kuɗin gilashinsu kaɗai zai sayi wata sabuwar waya. Wanda zai iya, bismillah. Wanda ya tattara duk abin da yake da shi ya saya, ranar da ta fashe sai ta koma durowa.

Samfurin bara ya fi na bana daɗin saye. Da zarar sabo ya fito na baya yake sauka, alhali bambancinsu sau da yawa bai wuce fenti da siffar kyamara ba. Ka zaga aƙalla shago uku, ka tabbata kwalin a rufe yake da hatiminsa, a buɗe a gabanka, a rubuta maka rasit.

Kada kuma ka raina ƙaramar waya mai madannai. Ga dattijon da kira kawai yake yi, ko ga layin banki da ba ka son yawo da shi a babbar waya, ita ce daidai: caji ɗaya ya kai ta kwanaki, ga tocila, ga rediyo.

Sayen waya a biya kaɗan-kaɗan ya yawaita. Kafin ka sa hannu, haɗa kuɗin farko da duk abin da za ka riƙa biya har ƙarshe, ka ajiye jimlar kusa da farashin kuɗi hannu. Tazarar takan ba mutum mamaki. Ka sani kuma irin waɗannan wayoyin ana kulle su daga nesa ranar da biya ya tsaya. Hukuncin ƙarin da ke ciki tambaya ce ta malamai, lissafin kuwa naka ne.

Mataki na 4: In ta hannu za ka saya

A nan riba take, a nan kuma asara take. Wayar da aka yi amfani da ita, ko ta gida ko wadda ake ce wa ta Landan, tana iya ba ka abin da sabuwa mai kuɗinta ba za ta ba ka ba. Sharaɗin shi ne ka zauna ka gwada, ba a tsaye ba, ba kuma ana kiran sallar magariba kowa yana sauri ba. Tafi da sim ɗinka, da cajarka, da wanda ya fi ka sanin waya in akwai.

Fara da danna *#06#. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 za ta fito. Ta yi daidai da wadda ke cikin saitin, da ta jikin kwali in akwai kwali. In sun saɓa, tashi.

Daga nan ka ce a wanke wayar gaba ɗaya a mayar da ita kamar sabuwa, a gabanka, a kuma haɗa ta da intanet a kunna. Wannan shi ne gwaji mafi muhimmanci. In ta farka tana neman asusun Google ko iCloud na mai ita na farko kuma mai sayarwa bai san shi ba, ba ta da amfani a gare ka, kuma akwai alamar tambaya a kan yadda ta zo hannunsa. A nan ne kuma wayar da ake bin ta bashin biya kaɗan-kaɗan takan tona kanta, don manhajar kullewar tana dawowa. Mai cewa "ai ƙaramin abu ne, yaron can zai cire maka", ka ce ya cire tukuna sannan a yi maganar kuɗi.

Sa sim ɗinka a rami na ɗaya ka yi kira, ka mayar na biyu ka sake. Ka ji muryar wanda ka kira, shi ma ya ji taka, a kunne da kuma a lasifika. Kunna data ka ga 4G ta fito. Buɗe farin shafi ka ƙure haske, ka duba ko akwai tabo, inuwa ko layi. Danne alamar wata manhaja ka ja ta a hankali lungu-lungu na gilashin: inda ta kuɓuce daga yatsanka, wurin ya mutu. Jona caja ka ɗan motsa igiyar cajar, ka ga ko cajin yana yankewa. Ɗauki bidiyo na minti biyu da kyamarar gaba da ta baya, ka saurara, sannan ka taɓa bayan wayar ka ji zafinta, ka kuma lura da kashi nawa batir ya sauka. Duba ƙananan kusoshin ƙasa da gefen gilashi: kan kusa da ya cinye ko gam da ya leƙo yana nufin an taɓa buɗe ta. Buɗewa ba laifi ba ne, ɓoyewa ne laifi, kuma dalili ne na rage kuɗi.

Masu son iPhone su ƙara abu biyu. Lafiyar batir tana cikin saitin, in ta yi ƙasa da kashi 80 ka sa kuɗin sabon batir a lissafi. Sannan waɗanda aka yi don kasuwar Amurka, tun daga iPhone 14, ba su da ramin sim, sai sim na cikin manhaja da ake karɓa a ofishin kamfanin layi. Akwai kuma waɗanda suke a kulle da layin wata ƙasa, ana lallaɓa su da wani ɗan siririn abu a ƙarƙashin sim. Suna da arha, suna kuma da ciwon kai.

Ciniki kuwa kamar kowane ciniki ne. Ya faɗi nasa, ka taya, ya ce albarka, ka nuna masa abin da ka gano: "Alhaji, batirin nan fa sai an canja, ga kuma gilashin ba nata ba ne. A duba mini." Aibin da ka nuna da yatsa ya fi rantsuwar cewa ba ka da kuɗi tasiri. In an sallama, wayar da ka gwada kada ta bar hannunka da sunan za a goge ta ko a sa ta a leda a ciki. A rubuta rasit mai sunan shago da lambarsa, da samfurin wayar, da IMEI, da kwanakin da aka ba ka na gwaji. Wannan takardar ita ce za ta tsaya maka in wata rana aka biyo sawun wayar. Saboda haka ne ma sayen waya a hannun wanda ya tare ka a bakin kasuwa yana waige-waige ba arha ba ne, ko nawa ya ce.

Mataki na 5: Tsarin kira, da lissafin garaɓasa

Lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, minti ɗaya naira 50 ne, ko da sakan biyar ka yi. Sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin sakan-sakan sauran suka bi. Har yau da kwabo a kan sakan ake faɗin farashi, abin da yake sa mutane ba sa gane nawa suke biya. Ninka da 60 ka raba da 100, ka samu naira a minti. Kwabo 25 a sakan naira 15 ke nan a minti.

Kowane layi yana kan wani tsari, ko ka zaɓa ko an zaɓa maka ranar da ka saya. Kira 300, ko ka shiga manhajar kamfanin, ka ji wanne kake kai. Tsare-tsaren kusan kashi biyu ne. Akwai masu farashi ƙasa ba garaɓasa, akwai masu ninka maka kati amma farashin sakan ya fi tsada. Tun 2024 NCC ta umarci kamfanonin su rage yawan tsare-tsarensu kada su wuce bakwai, su kuma bayyana farashi a fili, don haka tambayar ba ta da wahalar amsawa yanzu.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, kai kuma ka sa na gaskiya na layinka. A ce tsari na farko kwabo 25 ne, ba ƙari. Katin naira 500 zai ba ka minti 33. Tsari na biyu ya ce ka sa 500 a ba ka 1,500: taka 500 tana tafiya a kwabo 45, garaɓasar 1,000 kuma a kwabo 70, kuma ta mutu bayan kwana bakwai. Garaɓasar minti 24 ce, taka minti 18, jimla 42. Wato "ninki uku" ɗin da aka yi ta shela a rediyo minti tara ne kacal ya ƙara maka. Wannan ma ga wanda zai cinye garaɓasar cikin mako ne. Mai kiran minti goma a mako zai ci goma daga ciki, sha huɗu su ƙone, ya dawo kan farashi mai tsada: minti 28 ke nan, ƙasa da na tsarin da ba garaɓasa. Mai yawan kira yana cin ribar garaɓasa, mai kira jefi-jefi ita take cin sa.

Tambayi abu biyu kuma: ko akwai kuɗin da ake cirewa a kiran farko na kowace rana, da ko farashin mai sauƙin sai bayan ka yi wasu mintuna yake farawa. Mai gajerun kira, "kana ina, ga ni nan zuwa", irin wannan tsarin ba nasa ba ne. Wanda kuma yake kira sosai ya duba ƙunshin mintuna na wata, yakan fi sa kati kullum sauƙi.

In kai da wanda kake kira duk kuna da data, kiran murya na WhatsApp bai kai mega ɗaya a minti ba. Giga ɗaya ta fi minti dubu ke nan. Doguwar hira da kiran 'yan uwa a Saudiyya ko Ghana ta nan ya kamata su bi.

Mataki na 6: Data

Danna *312# ka ga jerin, ka raba kuɗin kowane ƙunshi da yawan gigarsa. Abin da ya fito shi ne farashin gaskiya. Ƙananan ƙunshi na mega ɗari ko biyu su ne suka fi tsada a kan giga, kuma su ne talaka yake saya kullum saboda su ne kuɗinsa ya kai. In za ka iya daurewa ka tara kuɗin kwana bakwai ka sayi na mako, ko na wata, za ka ga bambanci. Akwai kuma na kwana ɗaya ko biyu masu giga da yawa a farashi ƙasa: suna da kyau ranar da kake da babban abin saukewa, ba don ajiya ba.

Karanta abin da ke bayan lambar. Wani ƙunshin rabinsa na dare ne, daga tsakar dare zuwa asuba, ko na YouTube kaɗai. In ba ka farkawa a lokacin, da rabin za ka yi lissafi. Ka riƙa duba ragowa da *323#, kuma ka sabunta kafin wa'adi ya cika, don a yawancin ƙunshin wata ragowar tana bin sabuwar ne kawai in ka sabunta a kan lokaci. Wurin saye za a tambaye ka ko sau ɗaya ne ko a riƙa sabuntawa da kansa. Zaɓi sau ɗaya, sai in ka tabbata.

Gidan da mutum huɗu kowa yake sayen tasa, babban ƙunshi ɗaya a ƙaramar na'urar wayfai ya fi sauƙi, ko a raba datar da *321#. Sai dai a yi ƙa'ida, in ba haka ba yaro ɗaya zai gama da ita a kan TikTok kafin Juma'a.

'Yan data da suke sayarwa ta WhatsApp da ƙananan manhajoji wani lokaci sun fi kamfani sauƙi. Gwada da ƙaramin kuɗi, ka tabbatar da *323# cewa ta shigo cif da wa'adinta, kuma kada ka tara kuɗi masu yawa a asusun manhajar da ba ka san mai ita ba.

Sauran aikin a cikin wayar yake. A WhatsApp ka hana hoto da bidiyo sauka da kansu. A Play Store ka sa sabunta manhajoji sai da wayfai. A Facebook ka kashe kunnuwar bidiyo da kansa. A YouTube ka sauke ingancin hoto: awa ɗaya a 720 tana iya cin fiye da giga, a 360 kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma wa'azi ko labarai ba sa buƙatar fiye da wannan. Kunna tsimin data a saitin, ka sa wa wayar iyakar da za ta gargaɗe ka.

Mataki na 7: Toshe kafofin da kati yake zurarewa

In ka sa kati ka wayi gari ya ragu ba ka kira kowa ba, akwai abin da aka yi maka rajistarsa: waƙar kira, sakamakon ƙwallo, wasan kacici-kacici, ko wani abu da ka danna a shafin intanet ba ka lura ba. Danna *305# ka ga abin da ke kan layinka, ka soke. Tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla, ko HELP in kana son zaɓar waɗanda za su ci gaba da zuwa. Ka yi wa iyaye da kakanni wannan a wayoyinsu, su ne aka fi ci ta nan.

Rancen kati ta *303# yana da rana, amma kamfanonin sun saba cire kashi 15 cikin 100 tun kafin ya iso: ka ranci 100, a ba ka 85, ka biya 100. Wanda ya mayar da shi ɗabi'a ya ƙara wa kansa farashi da hannunsa a kan wanda aka ƙara masa.

Kashe data kafin ka loda kati in ƙunshinka ya ƙare, don kada wayar ta fara ci daga kuɗin kira a farashi mai tsada. Ka tuna kuma lambobin banki irin su *737#, *894# da *966# ba kyauta ba ne: naira 6.98 ce a kowane shiga, kuma tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cire ta. Mai babbar waya da data ya yi amfani da manhajar banki.

Wajen sayen katin kansa, na takarda farashinsa yana jikinsa, ana loda shi da *311* sai lambobin sai #, a duba da *310#. Manhajoji irin su OPay da PalmPay sukan mayar da ɗan wani abu in ka saya ta cikinsu. Ba yawa, amma ga mai saye kullum yana taruwa. Duk wanda ya kira ya ce ya yi kuskuren turo maka kati ka mayar masa, duba *310# tukuna. Wanda kuma ya ce daga kamfani yake, ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, kashe kiran.

In an cire maka kuɗi ba dalili, kira 300 ka shigar da ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin ka rubuta. In ba a warware ba, kira 622, layin NCC ne na kyauta, kuma lambar nan za su fara tambaya.

Mutanen kan iyaka, irin su Jibiya, Illela da Maigatari, suna da tasu matsalar. Waya takan kama sabis ɗin ƙetare da kanta alhali kana gida, a yi maka lissafin wanda ya fita ƙasa. Shiga saitin ka mayar da zaɓen netwok na hannu, ka kafe shi a kan kamfaninka. Mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi kuwa, layin kowace ƙasa a raminsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Layin da ka ajiye ba ka amfani da shi ma yana buƙatar kulawa. In ya yi kamar wata shida ba kira, ba tes, ba data, ana dakatar da shi, in ya kai shekara ana iya sayar wa wani da lambar. Idan ita ce a asusun bankinka, saƙonnin kuɗinka wurin baƙo za su riƙa zuwa. Sa masa ƙaramin kati ka yi kira ɗaya duk wata. In kuma ka yanke shawarar barin sa, je banki ka canja lambar, ka cire ta daga WhatsApp da Facebook da imel ɗinka kafin ka zare sim ɗin.